Ganye A Kan Dogo, Akwatin Yashi Wayam

Kowace shekara, da zarar watan Oktoba ya kama, akwai wata sanarwa da masu shiga jirgin ƙasa zuwa wurin aiki a Ingila suka saba ji daga lasifikar tasha: jirgin ƙarfe kaza zai makara, ko kuwa an soke shi ɗungum, saboda ganye ya zuba a kan dogo. Turawan da kansu sun daɗe da mai da maganar abin ba'a. Jaridunsu kan yi zanen barkwanci a kanta, kamar yadda suka yi wa hukumar jiragen ƙasarsu ta wancan zamani, watau British Rail, dariya cikin watan Fabrairu na 1991, sa'ad da dusar ƙanƙara ta tsai da jirage, aka yi ta yayata cewa wai irin wadda ta sauka ba ita aka yi shiri dominta ba. Ɗan Arewa mazaunin Agege, ko unguwar Sabo a Badun, wanda ya san wahalar doguwar tafiya tsakanin Iddo da Kano, in ya ji wannan labari zai ce lalle an rasa abin faɗi. Ƙarfe mai nauyin tan ɗari da ɗoriya, a ce ganyen itace ya gagare shi?

To, yana gagararsa ɗin kuwa. Maganar gaskiya ce, har an yi asarar rai a kanta. Amma gaskiyar dalili daban, wanke laifi daban. Abin da ke zuwa kowace shekara, cikin watan da kowa ya sani, daga itatuwan da kowa ke gani tsaye a bakin hanya, ba ya cikin abubuwan da hukuma za ta ce sun faɗo mata ba zato. Wanda ya bi rahotannin manyan haɗurran da aka ɗora wa ganye tun daga 2010, zai tarar a bayan kowannensu akwai wani ɗan ƙaramin aiki da aka bari ba a yi ba.

Sai a fara da yadda jirgi ke tafiya. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogon da take bi shi ma ƙarfe ne, wurin da su biyun ke haɗuwa kuwa bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. A wannan ɗan wuri nauyin tarago ke sauka, ta nan jirgi ke samun riƙon da zai ja, ta nan kuma yake samun riƙon da zai tsaya. Ƙarancin gogayya tsakanin ƙarfe da ƙarfe shi ne albarkar jirgin ƙasa, shi ya sa kan jirgi guda ke jan kayan da sai an tara manyan motoci da yawa kafin su kwashe. Sai dai albarkar tana tafe da sharaɗi: ɗan riƙon da ake da shi ba shi da rarar da za a yi wasa da ita.

A ƙasar Hausa yawancin itatuwa kan zubar da ganye ne bayan ruwa ya ɗauke. Ganyen ya faɗo a bushe, iskar hunturu ta kwashe shi, awaki su cinye saura. Gawo ne kaɗai mai taurin kai, ya kakkaɓe nasa da damina, ya yi sabo da rani. A Ingila kuwa kaka lokacin yayyafi ne da raɓa da laima. Ganye kan faɗo a jiƙe, iskar jirgin da ya wuce ta janyo shi kan ƙarfen dogo ya manne, ƙafafun jirage na baya su bi su niƙe shi, su daddanne shi da nauyinsu. Bayan 'yan jirage sun wuce ba sauran ganye da ido zai gani, sai wani siririn baƙin shafi da ya kama ƙarfe kam, wanda tsintsiya ba ta cire shi. Ruwan sama mai ƙarfi ma yakan ɗan taimaka, don yana wanke dogo. Abin da direbobi ke tsoro shi ne yayyafi, ko raɓar asuba, domin ɗan danshi kaɗan shi ke mai da shafin nan mai santsi kamar miyar karkashi.

A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Sheffield suka bayyana abin da suka gano game da wannan baƙin shafi. Akwai wani sinadari a cikin ganyen wanda in ya haɗu da narkakken ƙarfen da ruwan ganyen ya ci daga jikin dogo, sai ya zama baƙi mai santsi. Sinadarin nan dangin wanda ke cikin bagaruwa ne, wadda majema ke jima da ita, kuma duk baduku ya san abin da kan faru in ruwan ƙarfe ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa: nan take ta yi baƙi ƙirin. Injiniyoyi na auna riƙon ƙafa da dogo da lamba. Busasshen dogo mai tsabta kan ba da 0.3 ko fiye, birkin yau da kullum na bukatar abin da ya kusa 0.1, dogon da ganye ya shafe kuwa yakan faɗi zuwa 0.05, wani lokaci ƙasa da haka. Watau direba ya taka birki yadda ya saba, dogo ya ba shi rabin abin da ya nema.

Daga nan wahala ke rassa. Jirgin da ya tsaya a tasha in zai tashi sai ƙafafunsa su yi ta juyawa a wuri ɗaya, wanda zai tsaya kuwa sai ya zarce dandamali. Saboda haka ake umurtar direbobi su fara birki tun daga nesa, su kuma tashi a hankali, kowace tasha ta ci 'yan daƙiƙoƙi, daƙiƙoƙin su taru su zama mintoci. In ƙafa ta ƙame tana jan ƙasa, gefe guda nata yakan cinye ya baje, sai an fitar da jirgin daga aiki an kai shi ma'aikata an fere ƙafar ta koma zagayayya. A ƙarshen 2016 wannan ciwo ya kwantar da wajen rabin jiragen layin Piccadilly a Landan, waɗanda aka ƙera tun cikin shekarun 1970, fasinjoji suka yi makonni suna cunkushe a tashoshi. Akwai kuma wadda ta fi wannan ban tsoro. A wurare da yawa, wata 'yar wutar lantarki ce ke bin ƙarafan dogo biyu, in jirgi ya hau sai ƙafafunsa su haɗa su, ta haka mai kula da sigina ke sanin inda jirgi yake. Baƙin shafin nan na iya raba ƙafa da dogo har wutar ta kasa wucewa, jirgi ya ɓace daga allon mai sigina alhali yana nan kan hanya da mutane a ciki. Da an ga alamar haka sai a rage wa kowane jirgi gudu a wannan yanki har a tabbatar.

Manyan jirage masu dogon zango ba su cika shan wannan wahala kamar ƙanana ba, domin ba su yawan tsayawa. Wanda abin ya fi kamawa shi ne jirgin unguwanni da ƙananan garuruwa, mai tarago biyu ko uku, mai tsayawa bayan kowane mil biyu ko uku, wanda hanyarsa ke ratsa kurmi da kwazazzabai. Wannan shi ne jirgin ma'aikacin asibiti mai kama aiki da ƙarfe bakwai, da mai shara a ofis, da ɗan makaranta, da mai kula da tsofaffi a gidajen jinya, aikin da 'yan Nijeriya masu yawa ke yi a can yanzu.

Mai karatu zai tambaya, ina ganyen yake a zamanin da, tun da Ingila ta fi shekara 190 tana da jirgin fasinja? Yana nan, amma ba kusa da dogo ba. A zamanin jirgi mai gawayi, tartsatsin da ke fita daga bututu kan ta da gobara, don haka dole ake sassabe gefen hanya tas, akwai kuma ma'aikata birjik da aka raba wa hanyar kashi kashi suna kula da ita. British Rail ta daina aiki da jirgin gawayi cikin watan Agusta na 1968. Da tsoron gobara ya kau, kuɗin sassabe na cikin abubuwan farko da aka ga ana iya tsimi da su, itatuwa kuwa ba su jira izinin kowa ba. Yau kamfanin Network Rail, mai kula da dogo mai tsawon mil 20,000, yana ƙiyasta akwai itatuwa wajen miliyan goma a gefen hanyoyinsa, babban itace guda kuma na iya ɗaukar ganye har 50,000. Bugu da ƙari, tsofaffin jirage na da birkin da ke matse fuskar ƙafar kanta, yana kankare ta duk lokacin da aka taka. Na baya an yi musu birki mai kama faifai a gefe, ya fi ƙarfi, ya fi rashin ƙara, amma ba ya share ƙafa. Ashe ke nan wahalar ganye ɗiyar shawarwari ce da mutane suka yanke a ofis, kowace da hujjarta a ranar da aka yanke ta.

Ba a ce Turawan sun naɗe hannu ba. Kowace kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, jirage na musamman sittin da 'yan kai kan yi ta zagaya ƙasar dare da rana, suna feshin ruwa a kan dogo da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 600, wasu kuma su bi da wani kwaɓi na yashi da ɓarɓashin ƙarfe don ƙafa ta sami abin kamawa. Tafiyar da suke yi a kaka guda takan kai mil miliyan ɗaya. Akwai masu hasashen ranakun da ganye zai fi zuba, akwai ƙungiyoyin ma'aikata masu bin wuraren da aka sani da santsi suna gogewa da hannu. A jikin jiragen fasinja kuma akwai akwatin yashi, da bututun da ke hura yashin a gaban ƙafa da zarar ta fara zamewa, dabarar da aka gada tun zamanin jirgin gawayi. An ƙiyasta abin da santsin dogo ke jawo wa ƙasar, kuɗin aiki da asarar lokacin jama'a, ya kai wajen fam miliyan 350 a shekara. Ilmi akwai shi, kayan aiki akwai su. Saura a ga yadda ake riƙonsu.

Ran 8 ga watan Nuwamba 2010, da safe, wani jirgin kamfanin Southeastern da ya tashi daga Landan zuwa Hastings ya zo tsayawa a wata 'yar tasha mai suna Stonegate. Direba ya taka birki, jirgi ya ƙi. Ya wuce tashar, ya ratsa wata mahaɗar dogo da hanyar mota, bai tsaya ba sai da ya yi kusan mil biyu da rabi. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Da hukumar binciken haɗurran jiragen ƙasa ta duba, sai ta tarar ganye ya yi nasa, amma yashin da zai ceci jirgin ya ƙare, ba a kuwa cika akwatunan ba. Kotu ta ci kamfanin tarar fam 65,000.

Bayan shekara goma sha ɗaya, ran Lahadi 31 ga Oktoba 2021, da almuru, jirgin South Western Railway ya zame ya wuce jar sigina a bakin wani ramin dogo kusa da birnin Salisbury, ya bugi gefen jirgin Great Western Railway da ke shiga ramin ta wata hanya. Taragu suka sauka daga kan dogo a cikin duhun rami. Fasinjoji goma sha uku aka kai asibiti, direban kuma ya ji mummunan rauni, hanyar ta yi fiye da mako biyu a rufe. Rahoton da ya fito a 2023 bai tsaya kan ganye ba. Ya ce direban bai fara birki da wuri yadda yanayin ya bukata ba. Ya kuma ce ba a kula da itatuwan gefen wannan hanya yadda ya kamata ba, sa'an nan jirgin wanke dogo, wanda a tsarin ranakun mako da ya wuce wurin kafin haɗarin, an jinkirta fitarsa saboda wani gyaran hanya na ƙarshen mako, har dogon ya yi fiye da awa 30 ba wanki, a ranar da aka yi iska da ruwa. Wanda ya tsara ranar gyaran hanya ya yi aikinsa, wanda ya tsara fitar jirgin wanki ya yi nasa, ba a dai sami wanda ya haɗa takardun biyu ya duba sama ba.

Na uku shi ne ya ci rai. Ran 21 ga Oktoba 2024, da dare, a wani wuri mai suna Talerddig cikin tsaunukan ƙasar Wels, inda dogo guda ne tak jirage ke bi gaba da baya, sai a wasu wurare da aka yi reshe don ɗaya ya raɓe ɗaya ya wuce, kamar dai yadda tsohuwar hanyar Ikko zuwa Kano take. Jirgin da ya kamata ya tsaya a reshen ya jira ɗan'uwansa ya kasa tsayawa, ya zame ya koma kan dogo gudan a gangare, suka yi karo gaba da gaba. Fasinja ɗaya ya rasu, wasu suka ji munanan raunuka. Tun a binciken farko aka tarar bututun yashi na taragon gaba a toshe suke.

Haɗari uku, kamfanoni dabam dabam, tsakanin na farko da na ƙarshe shekara goma sha huɗu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya ƙara wa maganar ɗaci shi ne, tun 2018 hukumar da ke tsara ƙa'idodin kiyaye haɗari a jiragen Birtaniya ta bayyana sakamakon gwajin da ya nuna cewa in aka sa wa jirgi na'urar yashi biyu masu ƙara yawan yashi gwargwadon gudu, nisan da yake bukata kafin ya tsaya a kan dogo mai santsi na iya raguwa da kusan rabi. Magani yana hannu, sai dai sa shi a tsofaffin jiragen karkara ba aiki ne da minista zai zo ya yanke kyalle a kansa ba. Cika akwatin yashi da zuƙe bututu aikin lebura ne na tsakar dare, ba mai ɗaukarsa hoto, shi ya sa yake saurin faɗuwa daga lissafi duk ranar da aka ce a rage kashe kuɗi.

Akwai wata dabara da ke jawo gardama kowace shekara, watau jadawalin kaka. Kamfanoni da yawa kan fito da sabon jadawali daga Oktoba zuwa Disamba, su sa jirgin safe ya tashi da minti biyu ko uku kafin lokacin da aka saba, wasu kuma su rage tsayawa a ƙananan tashoshi. Fasinjoji na ƙorafi, suna cewa an halatta makara ne da alƙalami. A nan kam kamfanonin sun fi masu ƙorafi gaskiya. Ma'aikaci ya fi son a gaya masa tun watan Satumba cewa tafiyarsa za ta ƙaru da minti uku, ya gyara lokacin fitarsa daga gida, da a bar shi da jadawalin da kowa ya san ba za a cika ba. Direban da aka ƙara wa lokaci kuma ba zai ji ana tura shi ya jinkirta birki don ya cim ma agogo ba. Amma cire ƙananan tashoshi wata magana ce. Wannan ɗaukar nauyi ne daga kan mutanen manyan garuruwa a jibga wa na ƙauye, waɗanda dama jirginsu ɗaya ne a awa, in ya wuce su sai wani.

Haka kuma zancen diyya. A tsarin da yawancin kamfanonin ke bi, in jirgi ya makara minti 15 ana mayar wa fasinja kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tikitin tafiyar, minti 30 rabi, awa guda kuwa duka, ko mene ne dalilin makarar, ganye ko waninsa. Tsari ne mai kyau, ƙasashe da yawa ba su kai nan ba. Sai dai da jadawalin kaka ake auna makarar, ba da na ainihi ba, kuma kuɗin tikiti kaɗai ake mayarwa. Matar da ake biya da awa, wadda aka yanke wa ladan rabin safiya, ko aka rubuta mata takardar gargaɗi karo na uku a wata guda, fam ɗaya ko biyun da za a mayar mata ba su taɓa asararta ba.

Wa ke da laifi in ganye ya tsai da jirgi? A Birtaniya wannan tambaya ta zama sana'a. Tun da aka sayar da British Rail tsakanin 1994 da 1997, dogo ya koma hannun wani, jirage hannun wasu, kowane minti na makara kuma sai an rubuta shi a sunan wani don a san mai biyan wani. Takardar manufa da gwamnatin ƙasar ta fitar cikin watan Mayu na 2021 ta ce akwai mutum kusan 400 da ba su da wani aiki sai rabon laifin makara, har ta kawo misalin gardamar da aka taɓa yi a kan wani tsuntsun daji mai kama da fakara da jirgi ya buge: in ƙaramin tsuntsu ne laifin kamfanin jirgi ne, in babba ne na mai dogo ne. Ganye ya fi tsuntsun nan wuyar rabo. Dogo na Network Rail ne, yashi da direba na kamfanin jirgi ne, itatuwa da yawa kuma a gonaki da gidajen maƙwabta suke, bayan shinge. A 2024 majalisar ƙasar ta yi dokar mayar da kamfanonin jiragen fasinja hannun gwamnati ɗaya bayan ɗaya, South Western Railway ne na farko a ƙarƙashinta, ran 25 ga Mayu 2025. Haɗa dogo da jirgi a hannu ɗaya zai iya rage masu rabon laifi, wannan riba ce. Amma kada a manta, a hannun gwamnati jiragen suke sa'ad da aka bar itatuwan suka girma, a hannunta suke kuma sa'ad da ba'ar ganye ta fara.

Mai gajen haƙuri zai ce a sare itatuwan kawai a huta. An gwada hanyar, ba ta ɓulle ba. A 2018 jaridu suka ta da ƙura a kan yawan saran da Network Rail ke yi, maƙwabtan dogo suka yi ca, masu kare tsuntsaye suka shigo, gwamnati ta sa aka dakatar da saran da ba na gaggawa ba a lokacin sheƙa, ta kuma naɗa John Varley ya yi bincike. Shawararsa ita ce a ɗauki tsirran gefen dogo a matsayin dukiya da ake kula da ita kullum, a daina barinta shekara da shekaru sa'an nan a zo da zarto rana ɗaya. Masu son itatuwan suna da hujja, don itace na kare gidaje daga ƙarar jirgi, yana kuma ba tsuntsaye mafaka. Amma ba kowane itace ne ke da laifi ba. Masu faffaɗan ganye ne, 'yan iri kaɗan da aka sani, kuma inda suka fi haɗari sananne ne: gangare, da gaban sigina, da mashigar tasha. A waɗannan wurare ran fasinja ya fi inuwa, a sare. Sauran mil dubbai kuwa datsa a kai a kai ya isa, in za a ci gaba da biyan masu datsar.

Ina ruwan mazaunin Ikko da wannan duka? Ruwansa ya fi yadda yake zato. Tun watan Oktoba na 2024 jirgin da ake kira Red Line, watau Jan Layi, ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Agbado da Oyingbo, yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, wuraren da 'yan Arewa ke zaune ko ke neman abinci. Daga cikin jiragen da aka sayo masa akwai tsofaffin jiragen Ingila ƙirar shekarun 1970, waɗanda suka yi kaka arba'in suna fama da ganye kafin su ƙetaro teku. Kuma rabon nan da ya wahalar da Birtaniya yana nan a ƙaramin siffa: jirgin na Jihar Ikko ne, amma yana bin hanyar da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ke tafiyar da jirginta na Ikko zuwa Badun, wanda aka buɗe a 2021. Ranar da abu ya lalace, za a sami ofis biyu kowanne na nuna ɗaya da yatsa, in ba a rubuta tun yanzu wa ke da alhakin me ba.

Akwatin yashi wayam ma ba baƙon labari ba ne a nan. Cikin watan Maris na 2022 jirgin Ikko zuwa Badun, sabo fil, ya tsaya da fasinjoji a daji saboda man dizal ya ƙare, sai da aka kawo mai a cikin duro. Ba ganye, ba ruwa, ba ɓarawo, tanki ne kawai ba a tabbatar da abin da ke cikinsa ba kafin a tashi.

Ikko ba ta da kakar Ingila, amma tana da tata shekarar mai zagayowa. Ruwa kan fara ne wajen Maris ko Afrilu, ya yi tsanani a Yuni da Yuli, ya cika magudanan da shara ta toshe, ya kwanta a kan hanya, ya zaizaye tsakuwar da ke riƙe da dogo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shugabannin 'yan Arewa a Agege da Mushin, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu dako waɗanda jirgin nan ya rage musu azabar cunkoson mota, suna da bakin da za su tambaya tun Janairu da Fabrairu: wa ke yashe magudanan gefen dogo, jiha ko tarayya, kuma yaushe? In damina za ta sa a rage gudu, a liƙa jadawalin damina a kowace tasha tun kafin ruwan fari. A riƙa bayyana wa jama'a kowane wata jirage nawa suka zo kan lokaci, nawa suka makara, nawa aka soke. Wanda jirgi ya zaunar awa guda kuma a mayar masa da kuɗinsa a kan katin da ya biya da shi. Masu kasa kaya da masu zubar da shara a bakin dogo, waɗanda wasunsu 'yan gida ne, su ma akwai maganar da sarakunan Hausawa na unguwannin za su yi da su kafin watan Maris.